Wace amfilifaya da wane DAC za su ja KEF R7 Meta a irin wutarmu ta Legas?

Baban Khalifa (Agege): Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen masana. Wani abokin kasuwancina da ya tashi zuwa Abuja ya sallama mini sifikokinsa, KEF R7 Meta guda biyu, tsaf da su har da kwalayensu. Na jona su da tsohuwar risibar da nake kallon ƙwallo da ita, irin mai tashoshi bakwai ɗin nan. In an sassauta murya lafiya lau. Da zarar na ɗan murɗa sai bes ya kwance, can kuma ta ɗauki zafi ta kashe kanta. Alhali wat 100 aka rubuta a kwalinta. Na ware dala 3,000 don amfilifaya da DAC, wato na'urar da ke juya waƙar dijital ta koma siginar sautin da amfilifaya ke karɓa. Wani ya ce in raba kuɗin biyu daidai. Falona mita 5 ne da mita 6, ƙasa tayil. Me kuka gani?

Ɗan Mile 12: Wa alaikumus salam. Oga, in sun dame ka ka turo mini su, ina da wurin ajiya.

Injiniya Festac: Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Kada ka raba kuɗin nan biyu, don Allah. Bari mu fara da takardar sifikokin. KEF sun rubuta desibel 88 (ƙarfin sautin da take bayarwa), om 4 (turjiyarta ga wuta), kuma sun ce tana sauka har om 3.2. Wannan 3.2 ɗin shi ke kashe maka risiba. Amfilifaya mai wat 100 a om 8 tana fitar da kusan bolt 28, wutar da ke bi ta waya kuma amfiya 3.5 ce. Ka ba ta om 3.2 a wannan bolt ɗin, sai sifika ta nemi kusan amfiya 9. Risibar sinima taransifoma ɗaya gare ta, shi aka raba wa tashoshi bakwai, kuma wat 100 ɗin galibi a om 8 ko om 6 ake auna shi da tasha ɗaya ko biyu. Ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi, ka ma gode mata.

Abin da za ka duba a kowace amfilifaya shi ne lambobi biyu a jere, na om 8 da na om 4. In na biyun ya kusa ninka na farkon, tana da ƙashi. In kamfani ya ɓoye na om 4 ɗin, ka wuce abinka. Kamar motar da aka loda wa albasa ce daga Arewa, a miƙaƙƙiyar hanya kowace gudu take, sai an zo hawan gada ake sanin mai inji.

Maman Ilham: Ƙari a kan maganar Injiniya. Tsohuwar R7 ta 2018 om 8 aka rubuta mata, amma ita ma 3.2 take sauka. Da suka fito da Meta a 2023 sai suka rubuta om 4, wanda shi ne ya dace da ƙa'idar cewa kada mafi ƙarancin ya gaza kashi 80 cikin ɗari na abin da aka rubuta. Wato ko an ce maka sifika om 8 ce, nemi ƙaramin lambar nan da ke cikin baka. Manyan Bowers & Wilkins ma haka suke, 8 a rubuce, 3 a aikace.

Baban Khalifa (Agege): Na gode Hajiya, na gode Injiniya. To wat nawa ke nan zai ishe ni? Takardar ta ce daga 15 zuwa 250, wannan ai ba amsa ba ce.

Injiniya Festac: Mu yi lissafi. Desibel 88 ɗin a nisan mita ɗaya ne da bolt 2.83, wanda a om 4 wat 2 ne, ba wat 1 ba. Kujerarka a ce tana mita 3, ka yi asarar kusan desibel 9 da rabi. Sifika biyu ne, ga bango yana dawo da sauti, sai ka samu kamar 5 ko 6 su dawo. Ke nan da wat 2 kana jin wajen desibel 84 a kujera, kuma wannan ƙara ce sosai, sai an ɗaga murya za a yi hira. Yawancin saurarenka ko wat ɗaya ba ka ci.

Inda gizo ke saƙar shi ne dukan ganga. Bugun farko na kalangu ko ganga yana iya haura matsakaicin sautin da desibel 15 ko fiye, na ƙiftawar ido. Kowane ƙarin desibel 3 kuma sai an ninka wat. Daga 84 zuwa 100 sau 40 ke nan, wat 80. In kana son 103, wat 160. Don haka ni a ganina ka nemi mai ba da 200 zuwa 300 a om 4 na gaskiya, ka huta. Kuma ka sani ƙaramar amfilifayar da aka matsa wa har sautinta ya fara tsagewa ta fi babba saurin ƙona tiwita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti.

Misalai uku da za ka bincika farashinsu: Hegel H190 ta ƙasar Norway, wat 150 a om 8, 250 a om 4, da DAC a cikinta. NAD C 298, 185 da 340, ita ƙarfi kawai take bayarwa, sai ka haɗa ta da DAC mai maɓallin murya. Sai Yamaha A-S1200, 90 da 150, babu DAC, amma tana da nauyin taransifoma, ta haura kilo 20.

Alhaji na Ikoyi: Salamu alaikum. Injiniya ya zo da alƙalumansa kamar kullum. Ni tun zamanin faifan garmaho nake wannan harka, kuma abin da na sani shi ne kunne ba mita ba ne. KEF sifika ce mai tsage gaskiya, ba ta rufa wa kowa asiri. Ka haɗa ta da amfilifaya aji D, irin ta zamani marar cin wuta ɗin nan, da DAC ɗin nan masu arha, ka sa ta a falo mai tayil, wallahi rabin awa kanka zai fara sarawa. Ɗana, ka nemi mai ɗumin murya. Amfilifaya aji A, wadda ke shan wutarta cif kullum, ko mai kwalabe irin na tsohuwar rediyo, sannan DAC irin na R2R mai jerin resista kamar Denafrips, ko Chord Qutest in aljihu ya yarda. Sauti daga tushe yake lalacewa. Abin da DAC ya zubar, babu amfilifayar da za ta tsinto shi.

Injiniya Festac: Ranka ya daɗe Alhaji, girmanka ne, amma a nan zan ja da kai. Sugden A21 da ake yabo a aji A wat 23 ce. Da Klipsch Heresy gare shi mai desibel 99 a takarda, da ni zan fara cewa ya saya. A kan R7 kuwa numfashinta zai ƙare tun ba a je ko'ina ba. Masu kwalabe kuma turjiyar mafitarsu tana da yawa, sai sautin ya riƙa bin hawa da saukar om ɗin sifikar, wani wuri ya kumbura wani ya lotsa. Wannan ɗumin da ake ji sau da yawa shi ne. In mutum yana son sa, babu laifi, amma a kira shi da sunansa.

Aji D ɗin da Alhaji ya sani na shekarun baya ne. Tun da Bruno Putzeys ya ƙera NCore a kamfanin Hypex na Holan, daga baya kuma Eigentakt a Purifi na Denmak, zance ya canza. C 298 ɗin da na ambata Purifi ne a cikinta.

Alhaji na Ikoyi: Na ji su da kunnena, Injiniya. Tsaf-tsaf suke, ban musa ba, amma babu rai.

Ɗan Mile 12: Alhaji ɗumi kuma a Legas? Watan Maris fa na tafe.

Maman Ilham: Dariya ka ba ni, amma maganarka na kan hanya. Aji A ko ana kiɗa ko ba a yi, wutarta take sha cif, kusan duka kuma zafi take komawa. A ce tana jan wat 200, awa biyar yunit ɗaya ke nan. Ko a Band A, da aka kai naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan rage, kuɗin ba shi ne abin tsoro ba. Batirin inbata ne zai ji a jikinsa. Batir mai 200Ah a bolt 12 bai wuce yunit 2.4 ba, kuma in na ruwa ne rabi ake so ka ci. Ga iyakwandishan da zai yi ta kokawa da zafin. Aji D kuwa har kusan kashi 90 na abin da ta ja take iya miƙa wa sifika, ka taɓa ta bayan awa uku da ƙyar ka ji ɗumi.

Batun DAC, ni aikina ke nan a situdiyo, kullum cikinsa nake. Faifan CD bit 16 ne, tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfin sauti da shiru kusan desibel 96. DAC na dala 200 zuwa 300 irin na Topping ko SMSL yau yana wuce desibel 110 a awo. Falon da babu motsin komai a Agege da dare zai yi wuya ya sauka ƙasa da desibel 35, balle fanka na juyawa, janareton maƙwabci na ruri. Ƙazantar da ake cewa DAC mai tsada ya cire tana can ƙasa da ƙarar fankarka nesa ba kusa ba. Alhaji, Allah ya ƙara girma, ciwon kan da ka ambata gaskiya ne, na sha jin sa a gidajen mutane, amma tayil ne da gilashin taga da silin, ba DAC ba.

Baban Khalifa, tsaya a tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wani siririn amo yana bin bayan tafin, to kuɗinka na farko na kafet ne mai kauri tsakanin kujera da sifika, da labule mai nauyi. Sannan ramukan iskar R7 a baya suke. Janyo su daga bango kamar rabin mita, in wuri bai ba ka ba, duba cikin kwalin akwai soson toshe ramin da suke zuwa da shi.

Malam Idi-Araba: Dala dubu uku a kan abin kiɗa? Jama'a a ji tsoron Allah. Kuɗin nan rijiya nawa zai haƙa a ƙauye?

Baban Khalifa (Agege): Allah ya gafarta Malam, nasiha ta karɓu, kuma ana yin wancan ɗin ma daidai gwargwado. Rabin abin da nake saurare ma karatu ne da tafsiri.

Alhaji na Ikoyi: To ka ga karatun nan shi ne ma'aunin da ni nake gwada kaya da shi. Muryar mutum ɗaya, babu ganga babu komai. In ka rufe ido ka ji makarancin yana tsakiyar sifikokin biyu daidai, kana jin jan numfashinsa kafin aya, harafin sin bai soke maka kunne ba, to kaya sun zauna. A nan nake jin bambancin DAC, ko Hajiya ta yarda ko ba ta yarda ba.

Maman Ilham: A kan gwaji da murya muna tare ɗari bisa ɗari, Alhaji.

Mai Gyara Alaba: Salam. Tun ɗazu nake karantawa, hannuna ne cikin aiki. Duk kun yi maganar sauti, ni bari in yi maganar abin da ke zuwa teburina. Mafi yawan manyan amfilifayoyin da ake kawo mini ba kiɗa ne ya kashe su ba, wuta ce.

Na farko, bolt. Mu 230 muke a 50Hz, daidai da Ingila da Turai. Kayan Amurka 120 ne, na cikin gidan Japan 100. Kwanan baya wani bawan Allah ya kawo mini wata ɗankareriya da ɗan'uwansa ya auno masa daga Amurka. Yaron gida ya ga filogin bai shiga soket ba, ya nemo adafta ya cusa. Ko fis bai cece ta ba. Duba farantin baya kafin ka biya, in ba ka ga 220-240V ko 100-240V ba, ka san sai da taransifomar rage wuta, shi ma babba, ba na kan tebur ɗin nan ba.

Na biyu, lokacin da aka dawo da wuta ko aka juya daga janareto. A nan ake yin ɓarna. Sa abin da ke yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa, ya kuma jira kafin ya sake ta, irin Sollatek AVS. Sitabilaiza in za ka sa, nemi irin servo, wato mai moto a ciki, ba mai ƙwas-ƙwas ɗin firij ba, kuma ya ninka abin da amfilifayar ke ja sau biyu ko uku. Inbata kuma lallai mai tsabtatacciyar wuta. Mai arhar nan in ka jona mata taransifoma mai zobe za ka ji shi yana gurnani daga ƙofar ɗaki. Kunnawa amfilifaya ce ƙarshe, kashewa ita ce farko.

Na uku, a nan zan ɗan goyi bayan Alhaji ta wata fuskar. Aji AB, wato amfilifayar da aka fi sabawa da ita, irin Yamaha ko Hegel, in ta ƙone, taransista ne da resista, zan iya bin layi in gano, duk da jabun taransista sun cika gari, sai ka san wajen wa za ka saya. Aji D ta zamani kuwa allo ne guda, ƙananan kaya maƙil. In ya tafi sai dai a yi odar sabon allo daga waje a jira. Ku sa wannan a lissafi.

Injiniya Festac: Wannan gaskiya ne, ban da ta cewa. Sai dai da yawa daga cikin masu aji D wutar da ke ciyar da su tana jure hawa da saukar bolt fiye da taransifoma, wasu daga 100 har 240. Kowanne da inda yake ciwo.

Baban Khalifa (Agege): Mai Gyara, tokunbo fa, wato gwanjon da ake kawowa daga waje? Na ga kamar kuɗina zai fi tsawo a can.

Mai Gyara Alaba: Zai fi, in ka je da mai ido. Ga yadda nake yi. Ba na yarda a jona mini sifika tukuna. In kunna ta babu komai a jiki, in bar ta minti goma, in sa mita a kan DC a bakin inda wayar sifika ke shiga. In na ga ƙasa da milibolt 50, madalla. In ya haura 100, akwai magana. In ya kai bolt guda, kada ka kusantar da KEF ɗinka. Daga nan in buɗe murfi in haska manyan kafasito, kan su ya zama a shafe, ba kumburi ba tsatsa a gindi. Akwai masu lambar 85°C da masu 105°C, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanansu biyu, shi ya sa kayan da suka yi shekara 20 lafiya a Jamus suke zuwa nan su yi uku su faɗi. In shinshina allon, ƙauri ba ya ɓuya. In duba ko an taɓa yin dalma a wajen taransistocin ƙarshe. Sannan in murɗa maɓallin murya a hankali in ji ko yana ƙarƙara.

Ku na Lekki da Ajah kuma iskar teku na cin bakin RCA, inda wayoyin sauti ke shiga, har ya yi kore. Kyankyasai ma suna son ɗumin ciki. Kada a rufe ta a kabad, a bar mata iska ta sama.

Ɗan Mile 12: Ni tambayata, waƙoƙin da Oga zai ji daga ina za su fito? In daga waya ne ta Bluetooth ai an yi ba a yi ba.

Maman Ilham: Ka taɓo wuri mai kyau. Bluetooth matse sauti yake kafin ya aika, ya zubar da wani abu. Apple Music tun 2021 suke ba da sauti marar matsi ba ƙarin kuɗi, kuma yana aiki a nan. Ƙaramin akwati irin WiiM Pro, bai kai dala 200 ba, zai ɗauko waƙa ta intanet ya miƙa wa DAC ta kebul. Amma tsofaffin waƙoƙinmu na kotso da kuntigi da kukuma, yawancin abin da ke yawo daga kaset aka kwafe su, aka matse, aka tura ta WhatsApp sau ba adadi. Wannan ko DAC na miliyan nawa ka sa, shuuu ɗin kaset ɗin zai ƙara fito maka da shi ne kawai. A irin wannan maɓallin rage kaifi ya fi komai amfani. Shi ya sa in har za a kashe kuɗi a DAC, ni RME ADI-2 na Jamus zan nuna, saboda yana da bes da tirebul da wurin gyara sauti hawa biyar, ka danne inda ɗakinka ke kumbura bes. Wannan kowa zai ji shi, har Malam na Idi-Araba. Yana da XLR kuma, majonin nan mai ƙusa uku, zai tuƙa C 298 kai tsaye ba sai da wata na'ura a tsakani ba.

In za ka jona talabijin da dikoda, yi amfani da wayar haske. Gidajenmu da yawa babu as na kirki, wato wayar ƙasa, wayar dish kuma tana shigo da wani huuu da ke bin RCA. Wayar haske ba ƙarfe a cikinta, ba ta da hanyar ɗauko shi.

Alhaji na Ikoyi: To ai ga shi kin dawo kan DAC na sama da dala dubu, 'yata.

Maman Ilham: Don maɓallansa, Alhaji, ba don muryarsa ba.

Injiniya Festac: Alhaji, ga abin da ke yaudarar mu duka, har ni. Yawancin DAC bolt 2 suke fitarwa a RCA, kusan 4 a XLR. Qutest ɗinka ana iya sa shi a 1 ko 2 ko 3. In yana kan 3 aka gwada shi da mai 2, ya fi shi ƙara da desibel 3 da rabi, kuma kunne duk abin da ya fi ƙara shi yake cewa ya fi daɗi, ko da rabin desibel ne. A sa sautin gwaji na 1kHz, a auna bolt a bayan sifika, a daidaita su, wani ya tsaya bayan labule yana canzawa. In ka cinka takwas cikin goma, ragon layyarka na bana a wuyana.

Alhaji na Ikoyi: Na karɓa. Ka fara tara kuɗi, kuma ba na cin ƙaramin rago. Asabar bayan la'asar ƙofata a buɗe take. Baban Khalifa, kada ka sayi komai sai ka zo ka ji. Ina da aji A, maƙwabcina yana da Hegel, zan aro. Injiniya ya taho da aji D ɗinsa da mitarsa.

Baban Khalifa (Agege): Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Gobe zan fara da kafet da AVS, na kuma janyo su daga bango yanzun nan, har bes ɗin ya ɗan saki. Zuciyata ta fi karkata ga Hegel saboda akwati ɗaya ne kuma Mai Gyara zai iya buɗe ta, amma sai na ji. Sai dai Alhaji, gwajin a kan sifikokinka za a yi ko nawa? Don in ba a kan R7 ba ne ban ga abin da zan ƙaru da shi ba.

Injiniya Festac: Naka za ka kawo, dole.

Baban Khalifa (Agege): Kowace ɗaya kusan kilo 30 ce fa, kuma daga Agege zuwa Ikoyi ranar Asabar ga masu biki sun tare hanya.

Ɗan Mile 12: Akwai motar da ke sauke mana tumatir, zan yi wa direban magana. A shimfiɗa bargo kawai.

Mai Gyara Alaba: A tsaye za a ɗaure su cikin kwalinsu, kuma a cire ƙusoshin ƙafar tukuna. Alhaji, wutar gidanka ranar ta gari ce ko janareto? In janareto ne in taho da sitabilaizata.